Karɓar kuɗi daga ƙasashen waje da tura su ta waya: tambayoyin da aka fi kawo min a Sakkwato

Shagona ƙarami ne, na POS da cike takardu ta intanet, a nan cikin garin Sakkwato. Amma da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai shigo da waya a hannu ba, yana tambaya a kan kuɗin da aka turo masa daga waje ko wanda yake son turawa. Yau uwa ce da ɗanta ke aiki a Jidda, gobe ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da ya yi wa wani mutumin Ingila aikin zane, jibi ɗan kasuwa ne mai sayo kaya daga Sin. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan na amsa gwargwadon abin da na sani da wanda na gani da idona.

Wai duk manhajojin nan ba aiki ɗaya suke yi ba?

A'a, kuma daga nan ruɗani ke farawa. Akwai waɗanda aikinsu shi ne ɗauko kuɗi daga hannun wanda ke zaune a waje su kawo wa iyalinsa a gida, irin su Western Union, MoneyGram, WorldRemit, Remitly, Sendwave da LemFi. A nan mai turawa ne ke buɗe manhaja, kai mai karɓa ba ka buƙatar komai sai asusun banki. Akwai kuma na masu neman kuɗi ta intanet, irin su Payoneer da PayPal, inda kai da kanka za ka buɗe asusu domin kamfani ko abokin ciniki ya biya ka ladan aikinka. Sai kuma tsohuwar hanya ta banki zuwa banki, wadda ake bi ta SWIFT, wato tsarin da bankunan ƙasashe ke aika wa juna saƙon kuɗi da shi.

Kuɗin ba tasowa yake daga Landan ya keto teku ya sauka a Mabera ba. Kamfanin yana karɓar fam a can, shi ko abokin hulɗarsa kuma yana da naira a ajiye a nan, sai ya biya ka daga ciki. Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan dabara: ka ba wani Alhaji riyal a Makka, ya aiko wa yaron shagonsa saƙo ya ba iyalinka naira a kasuwa. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne lasisi daga Babban Bankin Najeriya, CBN, da rasit mai lamba da za ka iya bin sawu da shi. Sunayen kamfanonin da aka ba lasisin suna nan a shafin CBN, kuma ya kamata mai turawa ya duba kafin ya miƙa guminsa.

Me zan tanada kafin a turo min?

Asusun banki da sunanka, wanda aka haɗa da BVN da NIN. Lambar asusu guda 10 ce, BVN da NIN kowacce 11. In ka manta BVN, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, NIN kuma *346#. Ka tabbata asusun ba na ƙaramin mataki ba ne, irin wanda a da ake buɗewa da lambar waya kawai, domin yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuɗi mai ɗan kauri in ya zo sai ya koma inda ya fito. Mai turawa cikakken sunanka yake buƙata, da sunan bankin, da lambar asusu, wani lokaci da lambar waya. Ba ya buƙatar BVN ɗinka, ba ya buƙatar lambar sirrin katinka.

An ce an turo, kamfani ya ce suna bai yi daidai ba. Ni kuwa sunana ke nan. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin lokacina, kuma mu nan Sakkwato ta fi shafarmu saboda yadda muke sa suna. Mutum ɗaya sai ka ga a katin zaɓe Muhammadu ne, a BVN Mohammed, a fasfo Muhammad. Wani a makaranta an sa masa sunan garinsu a ƙarshe, Gwadabawa ko Tambuwal ko Wurno, amma da ya je yin NIN sai ya ba da sunan kakansa. Mata kuma bayan aure wasu su koma sunan miji a takarda ɗaya su bar na uba a ɗaya. Mu a wurinmu duk mutum guda ne, kowa ya san shi. Kwamfutar kamfanin ba ta san kowa ba, haruffa take gwadawa.

Wata dattijuwa ta zo min daga Runjin Sambo da jikarta riƙe da wayar. Ta zauna a benci ta ce, "Ɗana, yaro ya aiko kuɗɗi yau kwana huɗu, sun ce sun maƙale. Mi anka yi?" Na ce, "Inna, bari mu ga rasit ɗin." Jikar ta buɗo hoton da ɗan ya turo ta WhatsApp. A gurbin sunan mai karɓa ya rubuta Hajiya, sannan laƙabin da ake kiranta da shi a gida, sannan sunan mahaifinsa shi. Da muka duba asusunta, sunan yanka ne da sunan mahaifinta, babu kalma ɗaya da ta zo ɗaya. Yaron bai yi da wata manufa ba, bai taɓa kiran mahaifiyarsa da sunanta ba tun da aka haife shi, kunya ta hana shi ko da rubutawa. Muka kira shi, ya shiga manhajar ya soke, ya sake turawa da sunan da ke banki. Kafin la'asar alat ya shigo.

Saboda haka kafin a turo maka ko sisi, ka buɗe manhajar bankinka ka kwafi sunan yadda yake, harafi da harafi, ka aika wa mai turawa a rubuce. Kada ka faɗa masa da baki a waya. Alhaji, Hajiya, Malam da sarauta duk a ajiye su gefe. In kuma takardunka ne suka saɓa wa juna, gyaran NIN a hukumar NIMC ake yi, na BVN a bankinka. Yana ɗaukar lokaci da zirga-zirga, amma sau ɗaya ake yi a huta. Wanda zai buɗe Payoneer ko makamancinsa, wannan gyara ya zama dole tun farko, domin za su nemi hoton katin shaida da hoton fuskarka, kuma ba sa tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya bambanta da naka.

Dala aka turo min, me ya sa aka ba ni naira?

Doka ce, ba bankinka ne ya cuce ka ba. Ƙa'idar ta sha canzawa, shi ya sa mutane ke rikicewa. A ƙarshen 2020 CBN ta ce a riƙa biyan mai karɓa da dala. A watan Maris na 2021 har garaɓasa aka ƙara, naira 5 a kan kowace dala da ta shigo ta hannun kamfanonin da ke da lasisi, aka ci gaba da haka zuwa tsakiyar 2023. Daga nan a Janairun 2024 aka fitar da sabon tsari: duk kuɗin da ya shigo ta waɗannan kamfanoni da naira za a biya, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai dai ya shiga asusu, ba a miƙa shi a hannu.

Wanda lallai dala yake so, sai ya buɗe asusun dala a banki, mai turawa kuma ya bi ta bankinsa na can da lambar SWIFT ta bankinka, mai haruffa 8 ko 11. Najeriya ba ta amfani da IBAN, doguwar lambar asusu da wasu ƙasashe ke amfani da ita, don haka in mutumin Turai ko Saudiyya ya tambaye ka, ka ce masa lambar asusu da SWIFT sun wadatar. Sai dai wannan hanya akwai bankunan tsakiya da ke gutsurar nasu kafin kuɗin ya iso. A kan dala 100 ba ta da riba ko kaɗan.

Manhajar ta rubuta cewa turawa kyauta ce. Gaskiya ne?

Babu kamfanin da ke aiki don Allah. In bai karɓi caji a fili ba, ya karɓa a farashin canji. Bari in ba da misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. A ce ɗan'uwanka zai fitar da dala 200. Kamfanin farko ya ce babu caji, amma yana canza dala a naira 1,440, ka ga 288,000 za ta shigo. Na biyu ya cire dala 3, ya canza sauran 197 a naira 1,495, abin da zai shigo 294,515 ke nan. Mai cajin ya fi mai kyautar da sama da naira 6,500, kuɗin cefanen yini guda a wani gidan.

Lamba ɗaya ce abin dubawa: nawa ne zai sauka a asusun mai karɓa. Kowace manhaja tana nuna ta kafin a danna turawa. Ina ba masu turawa shawara su ajiye manhaja biyu ko uku a waya, su gwada duka a lokaci guda, domin wanda ya fi araha a wannan mako ba lallai ya zama shi ne a mako mai zuwa ba. A kula kuma da farashin maraba da ake yi wa sabon shiga, turawar farko kawai yake yi.

Abin ba ƙarami ba ne in aka haɗa. A lissafin Bankin Duniya, abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida yana kai wa wajen dala biliyan 20 a shekara, kuma yankinmu na Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina tsadar turawa, kusan kashi 8 cikin 100 a kan dala 200. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Kuɗin lebura ne da direba da mai aikin gida ake gutsura, shi ya sa nake nacewa a kan gwada farashi.

Kwana nawa yake ɗauka?

Ta manhajojin aika wa iyali, yawanci mintuna ne, in mai turawa da kati ya biya. Ta SWIFT kwana 1 zuwa 5 na aiki. A tuna hutun mako ba ɗaya ba ne: Saudiyya Juma'a da Asabar, mu da Turai da Amurka Asabar da Lahadi. Kuɗin da aka tura ta banki daga Riyad da yammacin Alhamis yana iya kwana a hanya har Litinin ba tare da wani abu ya lalace ba. Turawar farko ma takan jinkirta, saboda kamfanin yana tantance mai turawa.

Zan iya karɓar kuɗi da PayPal?

PayPal ta buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa a 2014, amma shekaru da dama asusun mutum a nan biya kawai yake yi, ba ya karɓa. Saboda haka kafin ka ba wani adireshinka ka ce ya biya ka ta nan, ka shiga asusun ka gani da idonka cewa an ba shi damar karɓa, kuma akwai hanyar da za ka cire zuwa naira. In ba ka ga duka biyun ba, nemi wata hanya.

Abin da nake roƙon matasanmu su bari shi ne buɗe asusu da sunan wata ƙasa, a sa VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, a rubuta adireshin Dubai ko Amurka da ba a taɓa zuwa ba, ko a sayi asusun da wani ya buɗe. Yana aiki wata ɗaya, wata biyu, kuɗi ya fara taruwa. Ranar da suka ce kawo katin shaida da takardar da ke nuna inda kake zaune, ba ka da su. Sai a taƙaita asusun, kuma suna da ikon riƙe abin da ke ciki har kwana 180. Na ga saurayin da ya yi wata uku yana aikin fassara dare da rana, kuɗin ya tafi a haka, ya zauna a shagon nan ya kasa cewa komai. Ban iya yi masa komai ba, domin asusun a takarda ba nasa ba ne.

Masu sayar da kaya kuma su sani, mai saye ta PayPal yana da damar shigar da ƙorafi har tsawon kwana 180 bayan ya biya. In ka aika takalmi ko jakar fata zuwa waje, ka adana takardar kamfanin da ya ɗauki kayan da lambar bin sawu, su ne shaidarka.

To wanda ke aiki ta intanet, da me zai karɓi ladansa?

Mafi yawa Payoneer suke amfani da shi, domin shafukan aiki irin su Upwork da Fiverr suna biya ta nan, daga can kuma ka sauke zuwa bankinka na gida. Akwai kuma manhajoji irin su Grey da ke ba ɗan Najeriya lambar asusu ta dala ko fam ko yuro da sunansa, abokin ciniki ya biya kamar yana tura wa maƙwabcinsa. Ka karanta jadawalin cajinsu tukuna, na karɓa daban, na canji daban, na cirewa daban.

Ra'ayina shi ne kada a mayar da irin waɗannan wurare asusun ajiya. Kuɗin da ke bankin kasuwanci a Najeriya hukumar NDIC ta tsaya masa har naira miliyan 5 in bankin ya durƙushe. Wanda ke zaune a manhajar kamfanin waje wannan inshora ba ta kai gare shi ba. In ya shigo, ka kwashe zuwa inda kake da ofishin da za ka iya takawa da ƙafarka.

Ni turawa nake son yi, kuɗin makarantar yarona a Masar. Yaya zan yi?

Fitar da kuɗi ya fi shigo da shi wuya. Tsarin 2024 ya taƙaita kamfanonin aika kuɗi ga shigowa kawai, don haka fita ta banki ce. Kuɗin makaranta da na asibiti ana cike musu Form A ta intanet, a haɗa takardar shiga makarantar da takardar da ke nuna adadin kuɗin, banki ya sayar maka da dala ya tura kai tsaye zuwa asusun makarantar. Ba a tura shi asusun ɗalibi. Kada a jira sai saura mako guda a rufe rajista, a fara da wuri. Mai asusun dala kuma yana iya turawa daga ciki. Matafiyi yana da guzurin tafiya da ake kira PTA, har dala 4,000 a wata uku, ɗan kasuwa kuma BTA har 5,000. Shigo da kaya da yawa kuwa Form M ne.

Katin naira ma ya sha hawa da sauka. A 2022 bankuna da yawa suka dakatar da biya da shi a shafukan waje, a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Tambayi bankinka nawa ne iyakar naka.

Masu sayo kaya daga Sin mafi yawansu wakili suke ba naira, shi kuma ya biya mai kaya da yuwan ta Alipay ko WeChat. Hanyar tana tafiya, amma a kan amana kaɗai ta tsaya. Ka fara da kaɗan, ka sa mai kayan ya tabbatar maka da bakinsa cewa kuɗi ya shiga, kuma ka guji wakilin da kowane lokaci sabuwar lambar asusu da sabon suna yake ba ka.

Nijar fa, da ke nan kusa?

Abin mamaki, tura kuɗi daga Landan zuwa Sakkwato ya fi sauƙi a waya a kan daga Sakkwato zuwa Tawa. Nijar saifa take kashewa, wadda aka ɗaure da yuro a kan saifa 655.957 duk yuro ɗaya, tsarin bankinta daban da namu. Shi ya sa har yau mutane ta hannun 'yan canjin Illela da Ƙonni suke bi: ka tura naira asusun ɗan canji, shi ya sa wa ɗan'uwanka saifa ta kamfanonin can irin su Nita ko Amana. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, wannan hanya ce ta riƙe gidaje da yawa na ɓangarorin biyu.

A yi hattara da lissafi. Mutumin Nijar in ya ce dala, saifa 5 yake nufi, jika kuma saifa 1,000. Dala ɗari biyu a bakinsa jika guda ce. A rubuta adadi da lamba, a rubuta kuma wane kuɗi ne. Wanda zai tsallaka da tsabar kuɗi da ya haura kwatankwacin dala 10,000 ta Amurka, doka ta ce ya bayyana wa kwastan.

Zuwa Gana, Gambiya, Laberiya, Saliyo ko Gini, akwai tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akara a Janairun 2022, inda za ka biya da naira a karɓa da kuɗin can ba tare da an bi ta dala ba. A banki ake tambayarsa.

A addini, cajin nan da bambancin canji ba riba ba ne?

Ni ba malami ba ne, abin da na ji daga malamai nake faɗa. Cajin turawa ladan aiki ne, kamar ladan ɗan aike. Canjin kuɗi iri biyu mabambanta, naira da riyal misali, ya halatta a kan farashin da aka yi yarjejeniya, da sharaɗin a yi hannu da hannu, kamar yadda ya zo a hadisin Ubadatu ɗan Samit a Sahihu Muslim. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta ɗauki shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa a hannu. Inda ake jan kunne shi ne a yanke farashi yau, ɗaya ya ba da nasa, ɗayan ya ce sai wani mako da gangan. Mai irin wannan mu'amala ya zauna da malaminsa ya warware masa dalla-dalla.

Wani ya ce in ara masa asusuna a turo masa kuɗi daga waje, zai ba ni kaso. Akwai laifi?

Kada ka yarda, ko abokinka ne na ƙuruciya. Na san da nauyi a ce wa mutum a'a a garin da kowa ya san gidan kowa, amma ka tsaya ka yi tunani: buɗe asusu yau bai fi rabin awa ba, me ya hana shi buɗe nasa? Sau da yawa kuɗin na damfara ne, an yaudari wata tsohuwa a Amurka ko an kutsa asusun wani kamfani, ana neman sunan da zai ɗauki laifin. Ranar da aka biyo sawu, BVN ɗinka za a gani. Banki ya rufe asusun, EFCC ta gayyace ka, mai kuɗin kuwa ya kashe waya. Cewa ba ka sani ba ba ta fitar da kai cikin sauƙi.

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta a kai rahoton duk turawar ƙasa da ƙasa da ta haura dala 10,000. Wannan ba abin tsoro ba ne ga mai halal, a tambaye ka ka nuna takarda. Abin da ke jawo zargi shi ne a daddatsa kuɗi kashi-kashi a asusun mutane daban-daban don a kauce wa tambaya.

Ban haɗa da dattijon ƙauye da ba shi da asusu ba, wanda ake turo masa ta asusun ɗansa. Wannan a faɗa wa mai turawa gaskiya, ya rubuta sunan ɗan a matsayin mai karɓa, kowa ya san inda kuɗin ya fito da inda za shi.

Ta yaya zan gane damfara?

Duk wanda ya ce an turo maka kuɗi amma sai ka biya wani abu kafin a sake shi, kuɗin kwastan ne ko na buɗe asusu ko haraji, ɓarawo ne. Kamfanin gaskiya daga jikin kuɗin yake cire nasa. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, kashe wayar. Wannan lamba mabuɗin asusunka ce, ma'aikacin banki ba ya tambayarta.

Sai alat na ƙarya. Wani mai sana'ar fata ya taɓa zuwa da murna, wai wani daga Turai ya sayi jakunkuna goma ya biya. Ya nuna min saƙon imel mai tambarin kamfanin biyan kuɗi, an rubuta cewa kuɗi yana nan a riƙe, za a sake shi da zarar ya aika kaya ya turo lambar bin sawu. Har ya ɗaure kayan a buhu. Na ce, "Yallaɓai, mu shiga asusun naka mu gani." Babu ko kwabo, babu alamar wani ya turo. Da muka duba adireshin da saƙon ya fito, na Gmail ne aka yi wa ado da sunan kamfanin. Saƙo da hoton rasit kowa na iya haɗawa. Ka shiga manhajar da hannunka, ba ta mahaɗin da aka aiko maka ba, ka ga kuɗin a zaune.

Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar masa da ragowar. Kana mayarwa, na farkon ya ɓace, domin da katin sata aka biya. Da masu cewa zuba dala 100 ta zama 200 a wata guda. Mun ga MMM a 2016, suna kawai ake sauyawa.

USDT fa? Na ji yara suna cewa ya fi sauri.

USDT kuɗin intanet ne, irin na kirifto, da aka ɗaure da dalar Amurka. Yana da sauri, gaskiya ne. Amma in ka yi kuskuren harafi ɗaya a adireshi ko ka zaɓi hanyar da ba ita ba, ya tafi, babu ofishin da za ka kai kuka. CBN ta hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ta sassauta a Disambar 2023, Binance, dandalin saye da sayar da kirifto, kuma ta daina hada-hadar naira a Maris 2024. Sannan wajen mayar da shi naira, baƙo ne zai turo maka daga asusunsa, in kuɗinsa mai datti ne naka asusun ake rufewa. Ba na ba dattawa shawarar su karɓi kuɗin cefane ta nan.

Kuɗi ya fita daga can, bai shigo nan ba. Wa zan kama?

Mai turawa ne abokin cinikin kamfanin, don haka shi zai fara shigar da ƙorafi ta manhajar. Kai ka karɓi lambar turawar daga wurinsa. Ta Western Union lamba 10 ce da ake kira MTCN, ta MoneyGram 8. In kamfanin ya ce ya riga ya biya, a nemi lambar shaidar biyan daga ɓangaren Najeriya, ka ɗauka ka je reshen bankinka, ka sa a ciro maka bayanan asusu na kwanakin, domin sau da yawa kuɗi ya shigo alat ne bai zo ba. In da gaske bai shigo ba, ka rubuta ƙorafi a takarda, ka karɓi lambar ƙorafin, kada ka tsaya ga "je ka dawo gobe" ta fatar baki. Banki yana da mako biyu ya warware. In ya wuce haka, sai ka kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ka haɗa da wannan lamba da kwafin takardar da ka rubuta.

In kuskuren lambar asusu aka yi kuɗin ya faɗa wa wani, a sanar da kamfanin da bankin a ranar, kafin mai asusun ya cire. Banki ba ya zare kuɗi daga asusun mutum haka kawai, sai da yardarsa ko umarnin kotu, don haka abin yana iya ɗaukar makonni. Ranar da za ka je, ka tafi da katin shaidarka da hoton rasit a buge a takarda, ka kuma je da safe kafin layi ya yi tsawo.